Gidan Maceci

Da hantsi Malam ya faɗi, a inda ake tsayawa jiran bas a gaban kasuwa, yana dawowa daga wurin mai gyaran tabarau. Tsohon malamin harshe ne. Ƙuruciyarsa da ƙarfinsa duk a gaban allo suka ƙare, yana koya wa 'ya'yan mutane yadda ake ƙera kalma da yadda ake kwance ta. Tun da ya ajiye aiki, matarsa kuma ta riga shi gidan gaskiya, yake zaune shi kaɗai a ciki da falo, a saman shagon wani mai gyaran takalma. 'Ya ɗaya ta rage masa, wadda har ta yi aure bai daina ce mata Auta ba.

Bai ji zafin faɗuwar ba. Ji ya yi kawai kamar an zare masa laka, sai ga kuncinsa a kan kwalta, takalminsa ɗaya ya yi gefe. Mutane suka zagaye shi, kowa yana salati, amma ba wanda ya miƙo hannu. Ya ji wani yana cewa, "Kada ka taɓa, in ya cika a hannunka kai za a riƙe." Ya buɗe baki zai ce musu da ransa, harshen ya ƙi tashi.

Sai taron ya dare. Wani ƙaƙƙarfan mutum cikin fararen kaya ya durƙusa a kan kwaltar ba tare da ya tattare rigarsa ba, ya tallafo kan Malam ya ɗora a cinyarsa. Hannuwansa ƙanana ne, masu laushi, ba su dace da girman jikinsa ba.

"Kwantar da hankalinka, Baba," in ji shi. "Na iso."

Abu na ƙarshe da Malam ya gani kafin idonsa ya rufe shi ne wani siririn mutum a bayan mai fararen kayan, ya ɗaga waya sama yana saita ta a kansu.

A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama sun mutu, baki ya karkace, magana ta koma gurnani. Auta ta yi kuka har muryarta ta dushe. Da mai fararen kayan ya shigo dubiya, ta zube a gabansa tana godiya, ya ɗago ta yana cewa ta bari, ta bari. Ma'aikatan asibitin duk sun san shi. Babban dillalin kayan gini ne, amma ba wanda ke kiransa da sana'arsa. Maceci suke ce masa, tun daga mai shara har likita.

Ranar da za a sallami Malam aka rasa inda za a kai shi. Ɗakinsa a sama yake, matakalar kuwa ko mai ƙafa biyu sai ya dafa bango. Na Auta ma a saman bene yake, ɗaki guda tal, mijinta kuma direban babbar mota ne, in ya fita sai a yi kwanaki ba a gan shi ba.

"Wannan ba abin damuwa ba ne," in ji Maceci. "Ina da ɗaki a ƙasa, ina da nas a gida. Ya zauna wurina har ya warware."

"Yallaɓai, ɗawainiyar ta yi yawa."

"Wane yallaɓai? Ki ce mini Kawu. Alheri danƙo ne, 'yata, ba ya faɗuwa ƙasa banza."

Malam yana kwance yana jin su. Ya so ya ɗan yi murmushi, don ya sha ba wa ɗalibai wannan karin maganar su yi sharhi, kuma a duk shekarun nan ba a samu yaro ɗaya da ya tuna cewa da danƙo ake kama tsuntsu ba.

Gidan yana da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe mai nauyi. Tsakar gidan a share take ƙal, ba ka jin kukan yaro, ba ka jin rediyo. Ɗakin da aka ba Malam ya fi nasa kyau nesa ba kusa ba: gado mai ƙarafuna a gefe don kada ya gangaro, ƙararrawa a kusa da hannun hagu, taga mai sandunan ƙarfe tana kallon wata bishiyar lemo. Kafin a kai ga ɗakin sai an ratsa wani dogon baranda, kuma bangon barandan nan cike yake da hotuna a cikin gilashi. Nas ɗin gidan, wata mace mai matsakaicin shekaru da ba ta cika ɗaga ido ba, ita ke tura shi a keken guragu. Ya lura tana ƙara sauri in sun zo wurin.

Sai da ya kwana biyu ya gane abin da ke cikin hotunan. A kowanne akwai mutum a ƙasa, ko cikin ruwa, ko a bayan kantar 'yan sanda da ankwa a hannu, kuma a kowanne akwai Maceci cikin fararen kaya yana sunkuye a kansa. Na ƙarshe a jerin sabo ne. Wani tsoho ne a kan kwalta, bakinsa a karkace, yawu na zuba, takalminsa ɗaya a gefe. Malam ya daɗe bai ga kansa ba, sai da ya ga takalmin ya tabbata.

Kowa a gidan yana da hoto a bangon. Direba, wato siririn nan mai waya, an ƙwace shi ne daga hannun mutanen da suka rataya masa taya a wuya bayan ya buge wani mai keke. Maigadi, ambaliya ce ta tafi da shi, aka tsamo shi a ƙarƙashin gada. Nas kuwa an ce ta yi wa wani majinyaci allurar da ba tasa ba, ya mutu, Maceci ya shiga ya fita har aka sake ta.

Da la'asar sakaliya akan yi baƙi. Manyan mutane ne, masu ƙamshin turare, sukan zauna a babban falo ana ba su shayi. Sai a kira mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tsaya a tsakiyar dardumar ya ba da labarin ranar da aka cece shi. Malam ya ji labarin direba har ya haddace, don kalma ɗaya ba ta canzawa, har inda zai yi shiru ya share ido wuri ɗaya ne kullum. Shi kuwa Maceci yakan jingina ya lumshe ido, yatsunsa na motsi a kan gwiwa kamar mai sauraron kiɗa. Da yake Malam ba baki, sai a turo kekensa tsakiya, Maceci ya ba da labarin da kansa, ya kuma sa hankici ya goge masa yawu a gaban jama'a, ko da babu yawun.

Wata rana bayan ya gama, ya dafa kafaɗar Malam ya ce wa baƙin, "Kun ga wannan? Masanin harshe ne. Ni kuwa an laƙaba mini suna ban san tushensa ba. Ranar da bakinsa ya buɗe, shi zai gaya mana inda aka samo kalmar nan, maceci. Ko ba haka ba, Malam?"

Baƙi suka yi dariya. Malam ya gyaɗa kai.

Tambayar ta bi shi har ɗaki. Mutumin da ba shi da aikin yi sai kallon bishiyar lemo, kalma guda ta ishe shi abokiyar hira. Darasi ne da ya koyar har ba ya iya tuna sau nawa. Tushen dai aikatau ne, wato kalmar aiki: ya ceci yaro, ya cece shi, aikin kuma ceto. Ka tsamo wanda ruwa zai ci, ka fizgo wanda wuta za ta lashe, ka sa baki a saki wanda aka kama. Sai harshe ya ɗauki ɗan gajeren "ma" ya liƙa a gaba, ya gyara ƙarshen, mutum ya fito daga cikin aikin. Ƙira ta haifi maƙeri, su, wato kamun kifi, ya haifi masunci, gini ya haifi magini. Yakan tsaya a nan ya buga alli a tebur ya ce wa ɗalibai su buɗe kunne: wanda ya taɓa daddaka ƙusa sau ɗaya ba maƙeri ba ne. Sai abin ya zama aikinka na yau da gobe, ya zama da shi kake ci, da shi aka san ka. Ya tuna wani ɗalibi mai kan kwakwa da ya ɗaga hannu daga bayan aji ya ce, "Malam, to malalaci fa?" Shi kuma ya ce, "Kai ne shaida, ai ba ka taɓa fashin zuwa aikin ba." Ajin ya kwashe da dariya har shugaban makaranta ya leƙo.

Dariyar ta taso masa a ƙirji a kan gadon, amma ba ta kai baki ba ta tsaya. Don ya bi darasin har ƙarshe, abin da bai taɓa yi da wannan kalmar ba. Mai ceto daban, maceci daban. Mai ceto yana iya zama kowa, mai wucewa ne da ya ga abu ya miƙa hannu ya yi gaba. Amma maƙeri in ya wayi gari ba ƙarfe, ya zama mutum kawai mai baƙin hannu. Mahauci in ba dabba, wuƙarsa tsatsa za ta yi. To maceci fa, me yake bukata ya tarar kowace safiya?

Akwai kuma sauran darasin. Wannan "ma" ɗin ita ke ba da sunan wurin da ake aikin: maƙera, mahauta, majema. Bai taɓa jin an kira wani wuri maceta ba. Ya dubi ƙarafunan gadon, ya dubi sandunan tagar, ya ja bargo da hannunsa mai rai.

Duk da haka jiki ya fara dawowa. Akwai wani mai gashin ƙashi da ke zuwa yana lanƙwasa masa hannu da ƙafa, ya kuma kawo masa sanda mai ƙafa uku. Babban yatsa ya fara motsi, sannan sauran. Kalmomi ƙanana suka fara fita, "ruwa" da "to" da "a'a", ko da yake a murɗe suke fitowa, don leɓen ya ƙi tattaruwa. Wata safiya ya kama ƙarfen gado ya miƙe tsaye shi kaɗai, gumi na keto masa, ƙafar na rawa kamar ta ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. A haka Nas ta shigo da faranti ta same shi.

Ya zaci za ta yi murna. Sai ta ajiye farantin da sauri, ta tura ƙofa da ƙafa, ta kama shi ta zaunar.

"Malam, don girman Allah kada ka sake yi a inda za a gan ka," ta ce ƙasa-ƙasa. "A gidan nan ba a warkewa da gaggawa."

Ya zuba mata ido. Ta ɗauki cokali ta fara juya romon da ta kawo, ba ta dube shi ba.

"Ka ga mutumin nan da ke zama a bayan kicin, wanda ba ya magana? Kafinta ne. Wannan ɗakin nasa ne kafin kai. Daga kan rufi ya faɗo, Maigida ya ɗauko shi. Ya warke sarai, har ya gyara mana ƙofofi. Sai ya ce zai koma shagonsa. Maigida ya yi masa fatan alheri, ya ba shi kaya, ya sa direba ya kai shi. Bai yi mako ba shagon ya kama da wuta, yana ciki, an kulle ƙofar ta waje." Ta miƙo cokalin. "Maigida ne ya fara isa wurin. Shi ya fasa ƙofar da hannunsa. In na tura ka gobe ka duba da kyau, Kafinta hotonsa biyu ne a bangon."

Malam ya yi ƙoƙarin haɗa tambaya, sai gurnani ya fito.

"Ni ban ce komai ba," in ji Nas. "Wuta ai takan tashi. Buɗe bakinka, zai huce."

Ko wani ya gani ta taga ne, ko kuwa gumin da ke jikin rigarsa ne ya tona, Malam bai sani ba. Mai gashin ƙashi dai bai ƙara zuwa ba. Aka ce ya yi tafiya. Sandar ma aka ce an kai gyara, alhali ba abin da ya same ta. Aka ƙaro wata 'yar ƙwaya shuɗiya a cikin magungunansa, wadda in ya sha sai ya wuni kamar an jiƙa shi an shanya. Maceci da kansa yake kawo ta, ya tsaya har ta wuce.

"Likita ya ce kana wahalar da kanka," in ji shi, yana gyara masa matashi. "Gaggawar me kake yi, Baba? Wani abu ka rasa a nan?"

Malam ya koyi tura ƙwayar cikin kuncin da ya mutu, inda ba ya jin ɗacinta, in an fita ya zaro ta da yatsa ya cusa a ƙasan katifa. Ya ci gaba da tsayuwarsa a ɓoye, lokacin da gida ya ɗauke ƙafa bayan azahar. Abin da ya fi ba wa ƙarfi shi ne baki. Kalma ɗaya yake so, gajeriya, wadda Auta za ta ji ta gane ba sai an yi mata bayani ba. Ya zaɓe ta. Wasali ɗaya ne ya raba ta da sunan mai gidan. Ya yi ta gwada ta a cikin bargo, yana matsa leɓensa da yatsu don ya tattaru.

Auta takan zo duk ƙarshen mako, amma ba a taɓa barinsu su biyu ba. Da ta zauna sai ga Kawu ya shigo da lemo a faranti, ya ja kujera. Wannan karon a falo aka karɓe ta, ga baƙi, ga mutanen gida a tsaitsaye. Ta zo da fara'arta, ta durƙusa ta gaida kowa, sannan ta juya ga Maceci.

"Kawu, albishir na zo da shi. Maigidana ya samo mana gida a ƙasa, ɗaki biyu, har da ɗan fili a gaba. Mun ce in ka yarda, wata mai kamawa mu ɗauke maka nauyin Baba. Abin da ka yi mana, bakinmu ya yi kaɗan."

Direba ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Maceci ya yi murmushi har haƙoransa suka bayyana.

"Madalla da ɗiyar kirki," ya ce. "Amma ai ba ni za a tambaya ba. Ga mai abin nan. Malam, me ka ce?"

Malam ya san ba zai sake samun irin wannan damar ba. Ya tattara duk abin da ya rage a jikinsa, ya ɗaga hannun hagu, ya nuna mutumin da yatsa. Ya dubi Auta cikin ido. Ya ja numfashi, ya tura leɓe gaba iya ƙarfinsa don ya ce macuci.

Leɓen ya ƙi. Ɓarin da ya mutu ya ja bakin gefe, wasalin ya baje.

"Ma... ce... ci."

Falon ya kaure da hayaniya. Baƙi suka tashi tsaye suna tafi, wani yana cewa ikon Allah, kalmarsa ta farko cikakkiya, ku ji abin da ya fara faɗa! Auta ta rufe fuska da mayafi tana kukan daɗi. Malam ya girgiza kai, ya sake gwadawa, abin da ya fito dai shi ya sake fitowa, aka ƙara tafi.

Maceci ya taso a hankali ya durƙusa a gaban keken, ya zaro hankicinsa. Idonsa na cikin na Malam, kuma babu dariya a cikinsu ko kaɗan. Ya goge masa gefen baki, ya matso da bakinsa kusa da kunnensa kamar mai sa albarka.

"Na ji ka, Malam," ya ce, yadda ba wanda zai ji sai shi. "Ni kunnena ƙalau yake."

Ya miƙe ya koma kujerarsa, ya sa aka ƙara wa Auta shayi. Hira ta ɓarke. Cikin hirar yake tambayarta, shi maigidan naki wace irin mota yake ja ne? Kayan wa yake ɗauka? Ta wace hanya ya fi bi? Yaushe zai sake fita? Auta ta yi ta ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya, har da abin da bai tambaya ba, tana jin daɗi babban mutum ya damu da mijinta. Malam ya buga hannun keken, ya yi gurnani, ya ture kofin da ke kusa da shi ya fashe.

"Ya gaji," in ji Maceci. "Murna ma gajiya ce. Nas, kai shi ya huta."

Da za ta tafi Auta ta leƙo ɗakin, Kawu na tsaye a bayanta. "Baba, saura ƙiris," ta ce. "Ka ƙara haƙuri."

Ƙarshen makon da ya biyo ba ta zo ba. Na bayansa ma shiru. Malam ya tambayi Nas da ido, ta ce ba ta san komai ba, ta kwashe kwanuka ta fita da sauri har cokali ya faɗi ba ta tsaya ɗauka ba. Ta taga yana hango direba yana wanke mota, yana ta goge wuri ɗaya. Maceci kuwa kullum da sassafe yake fita, ya dawo da fara'a irin wadda Malam bai taɓa gani a fuskarsa ba. Har waƙa aka ji yana yi a baranda.

Ranar da hadari ya haɗu tun da rana, Malam ya ji an buɗe ƙofar ƙarfe duka biyu, abin da ba a yi sai mota za ta shigo da kaya. Ya kama ƙarfen gado ya miƙe, ya jingina da bango ya kai ga taga. Maigadi yana sauke akwati, da katifa a naɗe, da buhun tukwane. Ya gane tukwanen. Na matarsa ne, shi ya ba Auta su da hannunsa.

Ya koma ya zauna a bakin gado.

Ba a jima ba ta shigo. Ta rame, idanunta sun yi ja, amma tana ƙoƙarin murmushi. Ta zauna kusa da shi ta ba shi labari tana haɗiye kuka. An tare motar mijinta a hanya, an sami wasu kwalaye a ƙarƙashin kayan da ya ɗauko, ya rantse bai san da su ba, amma an tafi da shi. Mai sabon gidan ya ce ya fasa, ba ya son masu abin kunya. Mai tsohon ɗakin ya ce ya riga ya ba wani. Ta kwana biyu a barandar maƙwabta, ba ta san ta ina Kawu ya ji ba, sai ganinsa ta yi a kanta.

"Ya ɗauki lauya, Baba. Ya ce shari'ar za ta ɗan ja, amma kada in damu. Ya ba ni ɗakin da ke kusa da naka. Ka ga yanzu kullum muna tare."

Aka ƙwanƙwasa ƙofar da take a buɗe. Maceci ne, ya cika ƙofar da jikinsa, gwiwar farin wandonsa da ɗan datti.

"Uba da 'ya," ya ce. "Abin sha'awa. 'Yata, kin gaya masa kuwa?"

Auta ta sunkuyar da kai don kunya. "Kawu, ban..."

"To ni bari in yi albishir ɗin. Malam, jika na nan tafe. Mun biya asibiti a hanya, na sa an duba ta." Ya gyara murya. "Likita ya ce kwanciyar ɗan ba daidai take ba, haihuwar za ta iya zuwa da gardama. Amma kada ku sa komai a ranku. Ranar ina nan. Ba inda zan je."

Ya yi musu murmushi, ya ja ƙofar a hankali. Suka ji takunsa yana nisa a baranda.

"Ni ban ji likitan ya faɗi haka ba," in ji Auta, tana shafa cikinta. "Wataƙila a gefe ya gaya masa, don kada in tsorata. Ka ga mutum, Baba? Ko uban da ya haifi mutum sai haka."

Iska ta taso, ta fara kaɗa labule. Ta yunƙura za ta rufe taga, sai Malam ya cafke wuyan hannunta da hannun hagu. Ta yi dariya ta ce yanzu za ta dawo. Bai saki ba. Ya ƙara matsewa, har ya ji ƙashin hannunta a cikin tafinsa.

"Baba, kana ji mini ciwo."

Bai saki ba. Bai kuma sake gwada magana ba. Ya dube ta kawai, ya juya ido ya dubi ƙofar, ya dawo da shi kanta, ya girgiza kai a hankali. Ya sake yi. Auta ta daina jan hannunta. Tun ranar da ya faɗi take kallon bakinsa da hannunsa da ƙafarsa, sai yau ta tsaya ta dubi idonsa. Murmushin ya fara barin fuskarta kaɗan-kaɗan. Ta waiga ta dubi ƙofar ita ma, sannan ta koma ta zauna a bakin gadon, ta matso kusa da shi sosai.

"Baba," ta ce da raɗa, "Kawu kake tsoro? In e ne, ka matsa hannuna sau ɗaya."

A waje ruwa ya sauko da ƙarfi. Cikin ƙarar ruwan suka ji maigadi yana jan ƙofar ƙarfe, ya haɗa ta, ya zura sakata.